Tirelar da ta faɗa gona: auna gudun mota daga hoton rada

Wanda ya buɗe hoton rada mai kyau da tauraron ɗan Adam ya ɗauka na wajen garin Sakkwato ya bi hanyar Gusau da ido, zai ga kwalta baƙa ƙirin kamar an ja zare, kuma da wuya ya ga mota mai tafiya a kanta. Motocin suna nan cikin hoton, sai dai an kwashe su an zubar a gonakin gefe. Wasu sun faɗa arewa da hanya, wasu kudu, wata ta yi nisan mita 300, wata ta haura 700. Wadda ke fake a bakin hanya direba na shan shayi, ita ce kaɗai za a tarar a inda take.

Sabon shiga yakan ɗauka na'ura ce ta yi kuskure, ya shiga neman yadda zai gyara hoton. A dakata da gyara. Nisan da mota ta goce daga kwalta shi ne gudunta, an dai rubuta shi da mita maimakon kilomita a awa. Tun 1971 Keith Raney ya fitar da lissafin wannan abu, kuma misalin da aka fi bayarwa shi ne jirgin ƙasa da ake gani yana tafiya a gefen layinsa. Mu nan layin dogo a Ƙauran Namoda ya tsaya, saboda haka tirelolin siminti da tankokin mai da manyan motocin albasa da na shanu su ne abin gwajinmu.

Dalilin gocewar

Na'urar rada mai ɗaukar hoto, wadda ake kira SAR a taƙaice, ba ta da ido irin na kyamara. Bugu take harbawa gefe guda, galibi hannun dama, sau dubu da ɗoriya a kowane sakan, sannan ta saurari amsa-kuwwa. Abu biyu take aunawa. Na farko shi ne lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo, wanda ke gaya mata nisan abin. Wannan ɓangare mu kira shi layin kallo. Na biyu shi ne sauyin kaɗawar igiyar, abin nan da Christian Doppler ya bayyana a 1842, wanda kowa ya sani ko da bai san sunansa ba: hon ɗin motar da ke tahowa siriri ne, da ta wuce sai ya yi kauri. Da wannan sauyi na'urar ke gane matsayin abu a layin tafiyarta. Abin da ke gabanta kaɗawarsa ta ƙaru, wanda ta bari a baya tasa ta ragu, wanda ke daidai kafaɗarta babu sauyi.

Duk lissafin an ɗora shi kan zato ɗaya, cewa tauraron ne kaɗai ke motsi. Motar da ke matsowa wajensa tana ɗora nata sauyin a kan nasa, kwamfuta kuwa ba ta da hanyar rarrabe su. Sai ta ce ai wannan abu gaba yake, ta ajiye shi gaba. Wadda ke nisanta kuma ta ajiye ta baya. Bindigar auna gudu da jami'an kiyaye haɗurra ke riƙewa a bakin hanya da wannan sauyi take aiki, amma ita a tsaye take, duk abin da ta ji na motar ne.

Ga ƙa'idar:

gocewa = (R ÷ V) × u

R shi ne nisan da ke tsakanin tauraro da motar, V gudun tauraron, u kuma rabon gudun motar da ya fuskanci na'urar kai tsaye. Sentinel-1 na Turai, wanda hotunansa kyauta ne, yana shawagi a tsayin kilomita 693 da gudun wajen kilomita 7.5 a sakan. A tsakiyar faɗin hotonsa R yakan kai kilomita 865, wato R ÷ V wajen sakan 115 ne. TerraSAR-X na Jamus, wanda aka harba a 2007, ya fi ƙasa, kilomita 514. Idan yana kallo a kusurwar digiri 35, R wajen kilomita 615 ne, R ÷ V kuma sakan 81. A taƙaice, mita ɗaya a sakan, tafiyar dattijo mai sanda ke nan, tana gotar da abu mita 80 zuwa 115. Wannan ninki shi ne ya sa dabarar take da kaifi: ɗan motsi kaɗan yana barin sawu mai tsawo.

Amma u ba shi ne gudun da ke kan agogon direba ba. Sai an raba shi sau biyu. Na'urar daga sama take kallo a karkace, don haka a raba da sin (sine na lissafin kusurwa) na kusurwar sauka, wato kusurwar da bugun ya yi da layin da ya miƙe sama. Sannan hanya ba lallai ta yanke layin tafiyar tauraro a miƙe ba, don haka a sake rabawa da sin na kusurwar da ke tsakanin hanya da layin tafiyar. Rabo na biyun nan shi ne inda aiki ke daɗi ko ya lalace.

Hanyoyin Sakkwato ba ɗaya suke ba a idon tauraro

Waɗannan taurari biyu suna ratsa mu ne wajen magariba ko da sassafe. Da magariba arewa suke nufa, sun ɗan karkata yamma da digiri 11 zuwa 12, suna kallon gabas. Da safe kudu suke gangarowa, sun karkata yamma da wannan adadi, suna kallon yamma. Daga nan wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ta fito: muddin na'urar dama take kallo, motar da ta nufi yamma arewa take faɗawa, wadda ta nufi gabas kuma kudu, ko da safe ko da magariba. A hanyar Gusau ke nan, masu shigowa Sakkwato suna gonakin arewa, masu fita suna na kudu. Hoton da kansa ya raba hannun zuwa da na dawowa, abin da ɗigonsa ma bai isa ya nuna ba a kan kwalta.

Hanyar Gusau a jimlace kudu maso gabas ta nufa. Tana yanke layin magariba da wajen digiri 45, na safe kuma da kusan 70. Hanyar Tambuwal akasin haka ne: hamsin da 'yan kai da magariba, bai kai 30 ba da safe. Wanda zai sayi hoto ya fara zama da taswira ya zaɓi ratsawar da ta dace da hanyarsa kafin ya biya kuɗi. Waɗannan alƙaluma na miƙewar hanya ne baki ɗaya. Wajen aiki kowane yanki da kowace kwana sai an auna kusurwarta dabam.

Hanyar Illela ita ce mai wahala. Kusan arewa sak ta miƙe, tana bin tauraro kafaɗa da kafaɗa, bambancinsu wajen digiri 17 da magariba, digiri 7 ko makamancin haka da safe. Matsala biyu ke haɗuwa a nan. Rabon gudun da ke fuskantar na'urar ƙanƙane ne, sannan layin da ake bi a komar da motar kan hanya yana kusan kwanciya a kan hanyar, inda suka haɗu ya zama abin kirdado. Saboda haka ana raba kuskure ne da sin ɗin kusurwar sau biyu, wato da sin sau sin; kusurwa na ƙanƙancewa, kuskuren na hauhawa. A ɗauka taswirarka ta goce da mita 10, hoton kuma na TerraSAR-X ne. A hanyar da ta yanke layin a miƙe, kuskuren gudu bai kai kilomita 1 a awa ba. A digiri 45 ya zama 1.5. A digiri 17 ya zama 9. A digiri 7 ya haura 50, wato lissafinka bai fi na mai shayi da ke kallon hanya ba. A ganina, duk yankin hanyar da kusurwarsa ta gaza digiri 15 a cire shi daga rahoto, a rubuta cewa ba a auna ba.

Misali da alƙaluma

A ce an ga ɗigo mai haske, mai siffar tanka, a gona arewa da hanyar Gusau, a hoton magariba. An bi layin tafiyar tauraro daga ɗigon zuwa kudu har aka taka kwalta, aka samu mita 520. R ÷ V sakan 81 ne, kusurwar sauka digiri 35 (sin ɗinta 0.574), kusurwar hanya digiri 45 (sin ɗinta 0.707).

520 ÷ 81 = 6.4, wato mita 6.4 a sakan a layin kallo.
6.4 ÷ 0.574 = 11.2, gudunta a ƙasa wajen na'urar.
11.2 ÷ 0.707 = 15.8, gudunta a kan hanya.
15.8 × 3.6 = 57.

Kilomita 57 a awa, kuma tun da arewa ta faɗa, gari take shigowa. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Wahalar tana wajen samo 520 ɗin nan da gaskiya.

Yadda ake samo ta

A fara da zaɓen fayil. Sentinel-1 yana zuwa iri biyu, GRD da SLC. GRD an riga an tace shi, an haɗa ɗigogi, an zubar da matakin kaɗawa; ya isa ganin jirgin ruwa a teku, amma ga mota SLC za a ɗauka, wanda ba a yi masa wannan tacewa ba. A SLC na salon IW, wanda faɗinsa kilomita 250 ne, tazarar ɗigo wajen mita 2.3 ce a layin kallo, mita 14 a layin tafiya, kaifin gani na gaskiya kuma wajen mita 5 ne a 20 a ƙasa. Da irin wannan kaifi babu maganar ganin ƙaramar mota ko Keke Napep. Tirela ma sai in ta faɗa fili mai duhu sannan akan tsinkayo ta. Sentinel-1 wurin koyon hannu ne. Aikin ƙidayar motoci na haƙiƙa yana son hoton da kaifinsa ya kai mita 3 ko mita 1, irin na TerraSAR-X ko ICEYE ko Capella, waɗanda igiyarsu gajera ce, wajen santimita 3, ba 5.5 irin ta Sentinel-1 ba. Waɗannan kuwa saye ake yi, ko a nema ta hanyar tallafin bincike na jami'a.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a shimfiɗa hoton a kan taswira tukuna sannan a fara awo. Shimfiɗawar tana juya hoton, ta sake rarraba ɗigogi, layin tafiya ya daina zama layi miƙaƙƙe a allo. A bar hoton a yadda na'urar ta gan shi, a kawo hanyar cikinsa. Manhajar SNAP ta hukumar sararin samaniyar Turai, wadda ita ma kyauta ce, tana da abin da ake buƙata: a ɗora fayil ɗin falakin tauraro, wanda ingantaccensa ke fitowa wajen kwana 20 bayan ɗaukar hoto, a haɗa gutsattsarin hoton, sannan a mayar da kowane gurbi na hanya zuwa lambar layi da lambar ɗigo. Wannan mataki yana buƙatar tsayin ƙasa. Kuskuren mita 10 a tsayi yana ture hanya mita 12 zuwa 14 a layin kallo, kuma idan hanyar a karkace take, turin nan yana komawa kuskuren gudu. Taswirar tsayi ta Copernicus mai tazarar mita 30 ta wadatar a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, sai dai a kula da gadoji da inda aka yi wa hanya ciko a fadama.

Ita kanta hanyar, kada a amince da taswirar OpenStreetMap ido rufe. Sau da yawa kwaltar tana bayyana a hoton rada a matsayin baƙin layi, domin santsinta yana watsa bugun can gaba maimakon ya dawo da shi. A gwada layin taswira da wannan. Inda ba ta bayyana ba, a bi ta da mota da GPS mai rubuta sawu, zuwa da dawowa, a ɗauki tsakiya.

Sai neman motocin. Kada a sa matatar da ke goge tsakin-tsakin hoto, domin ita ba ta san bambancin tsaki da tirela ba. A zaɓi ɗigogin da haskensu ya zarce na maƙwabtansu sosai, a cikin zirin da ya kai mita 1,000 zuwa 1,500 kowane gefe na hanya. Sannan a gwada da hotunan wasu ranaku na wannan layin falaki. Na Sentinel-1 yana maimaituwa duk kwana 12, na TerraSAR-X duk kwana 11. Abin da ya bayyana a duka hotunan rumbu ne ko turken lantarki ko tankin ruwa. Abin da ya bayyana yau kaɗai shi ne abin tuhuma. A faɗaɗa ɗan yankin da ke kewaye da shi ninki 8 ko 16 a gano ƙololuwar hasken, daga nan a fara awo.

Lokacin shekara yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ƙurar hunturu da gajimare ba sa tare rada, wannan shi ne babban amfaninta a wurinmu. Da rani, bayan an kwashe amfani gonakin tudu sun zama rairayi, ƙasa duhu take yi a hoto, kowane ƙarfe ya fito fes. Da damina kuwa gero da dawa sun tashi, ƙasa ta jiƙe, hasken gona ya ƙaru, tirela ta nutse a ciki. Ruwan sama mai ƙarfi irin na Agusta yana rage ƙarfin gajerar igiya, har ya bar baƙin tabo a hoto. Motar da gocewarta ta jefa ta tsakiyar ƙauye mai rufin kwano kuma, a yi mata sallama. Kwano ya fi ta haske.

Idan mota tana bin tauraro

A koma hanyar Illela. Motar da ke tafiya arewa ko kudu ba ta gocewa sosai, amma tana yin wani abu dabam: tana shafewa. Na'urar ba ƙiftawa ɗaya take yi ba, tana kallon kowane abu na ɗan lokaci, ta tattara amsoshin bisa zaton cewa gudun da ke tsakaninsu V ne. Idan abin yana bin ta, gudun da ke tsakani ya ragu. Idan yana tahowa ta kishiya, ya ƙaru. Tattarawar ba ta zauna daidai, ɗigo ya zama zane. Tsawon zanen kusan ninki biyu ne na gudun motar sau lokacin kallo. A salon TerraSAR-X mai kaifin mita 3, lokacin kallo wajen rabin sakan ne, don haka motar da ke kilomita 60 a awa tana shafewa wajen mita 17. A salon da ya fi kaifi, inda eriya ke juyawa ta ƙura wa wuri ɗaya ido, kallon ya fi daɗewa, shafewar ta fi tsawo, har motar ta dushe ta ɓace. Abin mamaki ke nan ga mai saye: hoton da ya fi tsada da kaifi ba lallai ya fi nuna abin da ke motsi ba. A IW na Sentinel-1 kuwa kallon bai wuce kashi 15 cikin ɗari na sakan ba, shafewar mita 5 ce cikin ɗigon mita 20, babu abin aunawa.

Dabarar ita ce a yanko ɗan yankin, a sake tattara shi da zato iri-iri, daga mita 40 a sakan zuwa kudu har mita 40 a sakan zuwa arewa, ana matsawa da mita ɗaya ɗaya. Zaton da ya sa zanen ya koma ɗigo mai kaifi shi ne gudun, kuma alamarsa ta nuna inda motar ta dosa.

A takarda abin gwanin sha'awa. A kan hanya akwai tarko: sauyin gudu a layin kallo yana haifar da shafewa iri ɗaya sak, babu yadda hoto ɗaya zai raba su. Ma'aunin musayar rabin R ÷ V ne, wato wajen 40 a misalinmu. Sauyin da bai wuce mita 0.1 a sakan cikin sakan guda ba, wanda fasinja ba zai ma ji shi ba, yana kama da gudun mita 4 a sakan, kusan kilomita 15 a awa. Direban da ya taka birki don rami ko shingen jami'ai ya ninka haka sau da yawa. Kwana ma haka take: motar da ke kilomita 60 a kwanar da faɗin zagayenta daga tsakiya mita 500 ne tana jin turi gefe na wajen mita 0.56 a sakan cikin sakan guda, kuma a hanyar da ta miƙe arewa turin nan gabas ko yamma yake, daidai idon na'urar. Sakamakon yana iya gocewa da kilomita 40 a awa ko fiye. Wasu suna raba lokacin kallo gida biyu ko huɗu su fitar da ƙananan hotuna su bi motsin ɗigon a tsakaninsu. Yana da kyan kallo, amma bayani ɗaya ne aka sauya wa riga, tarkon yana nan. Awon shafewa sai a miƙaƙƙiyar hanya mai lafiya, kuma a rubuta shi da faɗin kuskure mai yawa.

Eriya biyu

Tambayar da gocewa ba ta iya amsawa ita kaɗai ita ce: daga wace hanya wannan ɗigo ya fito? Kusa da gari, layin da ka ja daga ɗigo yana iya yanke hanyoyi uku, kowace ta ba ka gudu mai ma'ana. Maganin shi ne a kalli wurin sau biyu a jere. TerraSAR-X yana iya raba eriyarsa mai tsawon mita 4.8 gida biyu wajen sauraro, gaba da baya. RADARSAT-2 na Kanada, shi ma na 2007, yana da irin wannan salo. A TerraSAR-X tazarar da ke aiki tsakanin ɓangarorin biyu mita 1.2 ce, wadda tauraro ke ratsawa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu shida na sakan. A wannan ɗan lokaci abin da ke tsaye bai sauya ba, mai motsi kuwa matakin kaɗawarsa ya juya, kamar hannun agogo. Juyin wajen digiri 3.7 ne ga kowace mita ɗaya a sakan. Tankarmu ta sama za ta ba da digiri 24. Goldstein da Zebker ne suka nuna wannan dabara a 1987, a kan gudun ruwan teku.

Rauninta hayaniya. Ko da mota ta fi ƙasar da ta faɗa a kai haske ninki ɗari, hannun agogon yana rawa da wajen digiri 6, wato mita 1.6 a sakan, wanda a ƙasa mita 130 ne. Idan ninki goma ne kawai, rawar ta ninka uku. Bugu da ƙari, gonar da ke ƙarƙashin ɗigon a tsaye take, tana jan awon zuwa sifili, gudun ya fito ƙasa da gaskiya. Don haka rabon aikin a fili yake: eriya biyu ta nuna hanyar da motar ta fito, hanyar kuma ta ba da gudun. Wanda ya juya wannan tsari ya ɗauki ma'aunin buhu yana auna gwal. Akwai amfani na biyu: idan aka cire hoton baya daga na gaba, abubuwan da ke tsaye suna share juna, masu motsi su rage, muddin an daidaita ƙarfin ɓangarorin biyu tukuna. Idan ba a daidaita ba, kowane rufin kwano zai bar saura mai kama da mota.

Akwai kuma taurari biyu masu bin juna. A 2010, bayan harba TanDEM-X, an bar shi ya bi TerraSAR-X a baya da kilomita 20, tazarar da ba ta kai sakan 3 ba. A nan mota ta matsa da gaske tsakanin hotunan biyu, wajen mita 40 zuwa 50, ana iya auna ta ba tare da taswira ba. Amma ko nan, idan gudunta ya sauya da mita 0.1 a sakan, gocewarta ta sauya da mita 8, kuma wannan ya shiga awon.

Fatalwa da sauran masu ruɗi

Bugun na'urar yana da iyakar yawa, na IW tsakanin 1,450 da 1,720 a sakan. Saboda haka abu mai tsananin haske yana barin inuwarsa a wani wuri, gaba da baya a layin tafiya, a nisan kilomita 4.5 zuwa 5.5 a hoton Sentinel-1. Gini mai tarin ƙarfe irin masana'antar siminti ta Kalambaina zai iya bayyana a dushe a tsakiyar fili inda babu komai. Duk ɗigon da ka yi shakka, ka duba wannan nisa arewa da kudu da shi. Idan akwai babban ƙarfe a can, fatalwa ce. Wannan iyaka kuma tana naɗe gudu: bambancin mita 40 zuwa 47 a sakan a layin kallo ba ya rarrabuwa. Motocin hanyoyinmu ba sa kaiwa nan, amma tun kafin a kai, mai tsananin gudu tana rasa wani kaso na haskenta. Sakamakon haka, masu gudu sun fi ɓacewa daga ƙidaya, matsakaicin gudun da ka fitar ya yi ƙasa da na gaskiya. Manyan motoci kuma sun fi ƙanana bayyana, su ma sun ja matsakaicin ƙasa. A faɗi wannan a rahoto.

Akan tambaya ko wannan dabara za ta bi sawun babura a daji. Babur ƙarfensa kaɗan ne, dajin ba shi da kwaltar da za a auna daga gare ta, tauraron kuma kallon da bai kai sakan ɗaya ba yake yi, sai bayan kwanaki ya dawo. Abin da dabarar ta dace da shi shi ne sanin nauyin zirga-zirga da gudun manyan motoci a dogayen hanyoyi, kuma da Sentinel-1 ko TerraSAR-X a lokacin magariba ko safiya kaɗai; ba su san abin da ya faru da azahar ba.

A ruwa, sawun da jirgi ya bari shi ke zama hanyarsa: jirgin ya goce, sawun yana inda yake, sai a auna tsakani. A tekun Legas abin yana aiki sosai. A madatsar ruwan Goronyo ko kogin Rima, kwalekwalen katako ba ya mayar da amsa mai ƙarfi, sawunsa kuma ɗan kaɗan ne.

Gwaji kafin a yarda

Kada a miƙa wa kowa alƙaluma kafin a gwada su da motar da aka san gudunta. Lokacin ratsawar tauraro sananne ne tun kafin ranar. A yi haya da babbar mota, a sa mata GPS mai rubuta gurbi kowane sakan, a ce wa direba ya riƙe gudu ɗaya daga minti biyu kafin lokacin zuwa minti biyu bayansa, a miƙaƙƙen yanki mai fili a gefe. A bakin hanya kuma a kafa kwanon kusurwa: fallayen alminiyom uku masu siffar alwatika, haɗe a kusurwar digiri 90, kowane gefe da falle biyu suka haɗu mita ɗaya. Mai walda zai haɗa shi, amma a tsaya a kansa da sikwaya, domin karkatar digiri ɗaya ko biyu tana cinye haskensa. Mai wannan girma yana haske kamar fili mai murabba'in mita 1,300 a idon Sentinel-1, sama da 4,000 a gajerar igiya. A fuskantar da bakinsa yamma don ratsawar magariba, gabas don ta safe, a ɗaure shi da turaku saboda iska, a huda ƙasansa don ruwa ya tsiyaye. Shi ne zai nuna ko hanyarka ta zauna daidai a hoton.

Wajen haɗa sawun GPS da hoton a lura da agogo. Lokacin da ke cikin fayil UTC ne, wato agogon bai-ɗaya na duniya, agogonmu ya riga shi da awa ɗaya. Wasu na'urorin kuma suna rubuta ɗanyen lokacin GPS, wanda ya riga UTC da sakan 18 tun farkon 2017. A sakan 18, motar da ke kilomita 60 a awa ta ci mita 300.